Gishiri da Kanwa: Shaidun Tsohon Ruwa

A kasuwannin Kakuri da Sabon Tasha akan ga gishiri da kanwa a gaban mai koli ɗaya, alhali ba a haƙar ko ɗayansu a Kaduna. Masana ilmin duwatsu, waɗanda hukumarsu da aka kafa a 1919 ta taɓa yin dogon zama a kudancin Kogin Kaduna, suna da bayanin dalili, domin sinadaran da ke cikin dutse sukan nuna irin ruwan da ya haife shi.

Gishirin ci haɗin sodiyam ne da kulorin, kuma galibi teku ce asalinsa. Alal misali, ruwan zartsin da matan Keana da Awe ke dafawa yana ɓuɓɓugowa ne daga duwatsun da suka kwanta a ƙarƙashin teku kimanin shekara miliyan 100 da suka shige, sa'ad da ruwanta ya malalo cikin kwarin Binuwai.

Kanwa kuwa tarihinta daban ne, ita haɗin sodiyam ce da kabonet. Ruwan sama yakan zaizayi dutse, ya kwashi sodiyam, ya gangara da shi cikin kwarin da ba shi da mafita. Idan rana ta yi ta ƙafar da ruwan, alli ne ke fara kwantawa, daga baya kanwa ta daskare. Haka abin yake a ƙasar Manga da gefen Tafkin Cadi, inda fatake suka daɗe suna ɗauko ungurnu. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce tafkin ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, tudun yashin Bama ma tsohuwar gaɓarsa ce. Sunan fotash da 'yan boko ke kiran kanwa da shi bai dace ba, don fotasiyam ɗin cikinta kaɗan ne ƙwarai.

To, duwatsun Kaduna ma suna sakin sodiyam. Sai dai ruwan saman da ake yi a nan ya zarce milimita 1,000 a shekara, ga kuma kogi a buɗe. Hausawa sun ce gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Duk abin da dutsen Kaduna ya saki, kogin yakan kwashe shi zuwa Kwara, daga can sai teku.