Kafin ka goge sabuwar kwamfuta, direban sadarwa ya kasance a hannunka

Tun da sojoji suka sake karɓe Khartum a watan Maris na 2025, ofisoshi da makarantun da aka wawashe bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 suke ta sayen kwamfutoci, kwali-kwali. Mu masu sana'ar gyaran kwamfuta a Omdurman da Bahri, aikin da ya fi zuwa mana yanzu shi ne a jera mana na'urori masu yawa a ce a ɗora musu Windows kafin gobe. Ba mai lokacin bin su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ake rubuta amsoshin a fayil ɗin autounattend.xml, na'ura ta yi aikinta da kanta. Inda aikin yake cijewa kusan kullum wuri ɗaya ne: direban katin sadarwa.

Abin da ke ruɗa yaran shago shi ne, kwamfutar takan tashi ta PXE, wato ta wayar sadarwa, lafiya lau, ta karɓi lamba daga sabar, ta jawo boot.wim. Sai su ce ai sadarwa na aiki. A wannan matakin manhajar da ke cikin allon na'urar ce ke tuƙa katin. Da zarar WinPE da ke cikin boot.wim ya hau, ita ta gama nata, shi kuma sai ya nemi direba a cikinsa. In babu, allo ya tsaya, ka buga ipconfig ka ga wayam, alhali fitilar da ke bakin wayar tana ta ƙiftawa.

Don haka wuri biyu ake zuba direba. Na farko boot.wim, kuma a nan a taƙaita: na katin waya da na faifan ajiya kaɗai, musamman Intel RST, wanda rashinsa ke ɓoye faifai a na'urori da yawa masu firosesan Intel daga zubi na 11 zuwa sama. Wannan fayil gaba ɗayansa ake lodawa cikin RAM, duk abin da ka cusa masa nauyi ne a kan kowace na'ura. Na biyu install.wim, inda na Wi-Fi da sauran suke shiga. Wanda ya manta da shi, Windows 11 za ta kai shi shafin neman intanet ta ajiye shi, don tun daga 22H2 har Pro tana neman a haɗa. DISM ne ke yin zubin, kuma fayilolin .inf yake karɓa, ba .exe ba, sai an warware. Mai aiki da filashi yana da sauƙi: ya buɗe jaka mai suna $WinPEDriver$ a farkon filashin, ya zuba direbobin, Setup zai ɗauka da kansa.

Kada suna ya yaudare ka. Katin waya na Intel I219 zubi-zubi ne, suna ɗaya, lambobi daban, kuma direban da ya tuƙa na shekarun baya ba lallai ya gane na bana ba. Ka duba lambar na'urar a Device Manager: VEN_8086 na Intel ne, VEN_10EC na Realtek, abin da ke bayan DEV shi za ka nema a cikin .inf ɗin.

Al'adar da na fi so kowa ya riƙe ita ce, daga kowane kwali a kunna na'ura ɗaya da Windows ɗin da ta zo da shi, a kwashe direbobinta da pnputil /export-driver kafin a goge komai. Dell da HP da Lenovo duk suna da kunshin direbobi a shafukansu, amma mu da muka ga yadda layukan sadarwa na Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a Fabrairun 2024 mun san ba a barin saukewa sai ranar aiki. Da tsohuwar zuma ake magani: faifai ɗaya da aka tsara da sunan kowane samfuri, da adaftar USB mai bakin waya saboda laftof marasa shi.

Su kuma manhajojin tara direbobi da ba a san asalinsu ba, ban yarda a kusantar da su kwamfutar asibiti ko ta ofishin kuɗi ba, domin direba yana shiga har cikin zuciyar Windows.

'Yan'uwa, ku gwada a na'ura ɗaya daga farko har ƙarshe kafin ku saki sauran. Masu saye kuma, ku nemi mai aikin ya bar muku kwafin direbobin a filashi kafin ku biya shi.