Darasi: Kwanika da hanyoyin kauce mata

Jama'ar Fachi, kun san aikin dabino. Ba a dasa ɗan dabino a gindin wani. Ana ba shi fili, don ya samu ruwa ya yi ƴaƴa masu kyau. Yau za mu yi magana a kan filin da ake bari tsakanin haihuwa da haihuwa.

In mace ta yi ciki tana goyo, shi ne kwanika. Sai a yaye yaro tun bai isa ba. Ya rame, zawo ya kama shi. Ita uwa jininta bai koma ba, ga wani ciki. In haihuwa ta zo da gardama, babbar likita tana Bilma, ko can Agadas, kuma tsakani rairayi ne na Tenere. Shi ya sa wannan magana ta fi nauyi a nan. Masanan lafiya sun ce mace ta huta shekara 2 bayan haihuwa kafin ta sake ɗaukar ciki.

Wannan ba abin ɓoye ba ne. Tun 1988 dokar Nijar ta yarda da maganin hutun haihuwa. A 2006 gwamnati ta ce a ba da shi kyauta a gidajen likita na gwamnati.

Mata da yawa suna cewa: ina ba da nono, ba zan yi ciki ba. Akwai gaskiya a ciki, amma da sharaɗi 3. Yaro bai kai wata 6 ba. Nono kaɗai yake sha, dare da rana, ba ruwa, ba kunu. Kuma uwa ba ta ga al'adarta ba. In ɗaya ya faɗi, kariya ta faɗi. A zafin nan namu, uwaye da yawa suna ba jinjiri ruwa tun yana wata 2. To, daga ranar sai a nemi wata hanya.

Akwai ƙwaya. Ana shan ɗaya kowace rana, lokaci guda. Mai goyo ta faɗa wa ungozomar likita, don akwai irin da ta dace da ita. Ƙwaya tana aiki sosai, sai dai ba ta son mantuwa.

Ga wani kuskure da ya kamata a lura da shi. Maigida ya tafi Dirku, ko Jado wajen zinariya, ko Libiya. Uwargida ta ce: me zan yi da ƙwaya, ba ya nan? Ta ajiye. Ran nan da dare mota ta tsaya, ga shi ya sauka ba sanarwa. Ƙwayar da aka fara sha yau ba lalle ta kare yau ba. Wata sai ta yi kwana 7. A wannan mako a yi amfani da kwaroron roba. Shi ne kuma kaɗai a cikin hanyoyin nan yake tare cututtukan da ake ɗauka wajen kwanciya, har da sida. In an riga an sadu ba kariya, akwai ƙwayar gaggawa. A nemi ta da sauri, kada a wuce kwana 5. Ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga.

Akwai allura, wadda ake yi kowane wata 3. A rubuta ranar komawa a takarda. Ga amfanin karatunku. Bayan an bar allura, ciki yakan yi jinkirin wasu watanni kafin ya zo.

A ganina, mai nisa da likita ta fi hutawa da ashanar hannu. Ƴar roba ce kamar tsinken ashana, ana sa ta ƙarƙashin fatar dantse. Wata tana aiki shekara 3, wata shekara 5. Akwai kuma robar mahaifa, mai kai shekara 10. Duk ranar da ake son ciki, sai a je likita a cire. Kada a cire a gida.

Allura da ashana suna iya canza al'ada. Wata jini ya riƙa ɗigo mata, wata ya ɗauke. Jinin ba ya taruwa a ciki, kuma ba sa hana haihuwa har abada. In jini ya yi yawa, ko ciwon kai mai tsanani, a koma likita. Mai hawan jini ta faɗa tun farko. Kada a sayi magani a tebur, inda rana ta dafa shi.

Maza, da ku ake. A jihar Damagaram an buɗe makarantar mazaje a 2008, inda magidanta suke zama su tattauna lafiyar matansu. Ku ma kuna iya yin haka bayan karatu. Miji ya raka matarsa, su ji bayani tare, su zaɓa tare.

Tambayoyi don tattaunawa:
Waɗanne sharuɗɗa 3 ne suke sa nono ya hana ciki?
Yaro ya sha allura ko uwa? In uwa ta yi allura ran 10 ga Oktoba, wane wata za ta koma?