Darasi na Tara: Matan Hazara da Gwagwarmayar Neman Ilimi

9.1 Gabatarwa

Wannan darasi ya dubi al'ummar Hazara ta ƙasar Afganistan, musamman matansu, domin ɗalibi ya ga yadda harshe da aƙida da kamannin jiki kan zama sanadin tsangwamar jama'a.

9.2 Su Wane ne Hazara?

Hazara mazauna tsaunukan tsakiyar Afganistan ne, a lardunan Bamiyan da Daikundi da wani sashe na Gazni. Suna magana da Hazaragi, wanda karin harshen Farisanci ne mai ɗauke da kalmomin aro daga harsunan Turkawa da Mongolawa. Mafi yawansu mabiya Shi'a ne a ƙasar da Sunni suka fi rinjaye. Saboda haka da ganin fuskar mutum ko jin lafazinsa ake gane asalinsa.

Tsakanin 1891 da 1893, Sarki Abdurrahman Khan ya yaƙe su. An kashe jama'a masu yawa, an ƙwace gonaki, an sayar da mata da yara a matsayin bayi. Da dama daga waɗanda suka tsira sun yi hijira zuwa Kwetta, wadda a yau ke cikin Pakistan, da Mashhad ta Iran. A watan Agustan 1998 kuma 'yan Taliban suka yi musu kisan gilla a Mazari Sharif.

9.3 Mata da Ilimi

Al'ummar da aka raba da gona da mulki sai ta rungumi makaranta. Dakta Sima Samar, likita 'yar asalin Jagori, ta kafa ƙungiyar Shuhada a Kwetta a 1989, wadda ta buɗe asibitoci da makarantun 'yan mata. A ƙarshen 2001 ta zama ministar harkokin mata. Habiba Sarabi kuwa ta zama gwamnar Bamiyan a 2005, mace ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami a ƙasar. A 2020 Shamsiya Alizada, 'yar mai haƙar kwal, ta zo ta ɗaya a jarrabawar shiga jami'a ta ƙasa baki ɗaya.

Sai dai inda matan suka sa ransu, nan aka fi kai musu hari. A unguwar Dashti Barci ta Kabul, wadda Hazara suka fi yawa, 'yan bindiga sun kashe mutum 24 a ɗakin haihuwa na wani asibiti a watan Mayun 2020. A ranar 8 ga Mayun 2021, bama-bamai sun hallaka aƙalla mutum 85 a ƙofar makarantar Sayyidus Shuhada, galibinsu ɗalibai mata. A ranar 30 ga Satumban 2022, fiye da mutum 50 sun mutu a cibiyar karatu ta Kaj suna tsakar rubuta jarrabawar gwaji. Bayan dawowar Taliban mulki a 2021, an hana 'yan matan ƙasar duka zuwa sakandare, sannan aka rufe musu jami'o'i a Disamban 2022.

9.4 Kammalawa

An ga cewa 'yar Hazara na ɗauke da kaya biyu: ana tauye ta don tana mace, ana farautar ta don asalinta da aƙidarta. Wannan abin lura ne ga malamin gobe, domin ajinsa zai haɗa yara masu karin harshe da aƙida mabambanta.

9.5 Auna Fahimta

1. Kawo abubuwa uku da ake bambance Hazara da su.
2. Me ya sa Hazara suka ba ilimin mata muhimmanci?
3. Yi bayanin yadda karin harshe kan zama dalilin wariya.