Shari'ar Gona: Mu Kula da Takardunmu Kafin Ɗaukaka Ƙara

Ƴan'uwa manoma, da zarar ruwan shibka ya sauka, rigingimun iyakar gona sukan taso. Wannan ya ce maƙwabcinsa ya shigo masa taki biyar. Wancan ya ce gawon da ke tsakani na kakansa ne. Wasu rigingimun sukan mutu a zauren mai gari. Wasu kuwa sai sun kai gaban alƙali, har a ɗaukaka ƙara. Darasinmu na yau a kan takardun irin wannan shari'a ne, da abin da ke faruwa idan ba su cika ba.

Matakan da ƙara take bi

Dokar tsarin karkara mai lamba 93-015, ta ranar 2 ga watan Maris 1993, ta ce kafin a kai rigimar gona kotu, dole ne a fara neman sulhu a wurin sarakunan gargajiya. Ana farawa daga mai gari. In abin ya gagara, a tafi wurin sarki. Ko an shirya ko ba a shirya ba, ana rubuta sakamakon a takarda. Ita ce takarda ta farko.

Idan sulhu bai yiwu ba, sai a je gaban alƙali. Yana zama tare da dattawa masu ba shi shawara, waɗanda suka san al'ada. Magatakardan kotu yana rubuta abin da aka faɗa. Ana tara takardun duka wuri guda. Wannan tarin shi ake kira dosiye.

Wanda bai yarda da hukunci ba yana da ikon kai ƙara kotun da ke sama. Wannan shi ne ɗaukaka ƙara. Amma akwai wa'adin da doka ta yanka. In ya wuce, ƙofa ta rufe.

Abin da alƙali na biyu yake gani

Alƙali na biyu bai san gonarmu ba. Bai san kakanninmu ba. Bai kasance a zauren mai gari ba. Dosiye yake fara buɗewa, kuma a cikinta yake fara sanin maganar.

Mu ɗauki misali. Mai gonar gabas da mai gonar yamma suna jayayya a kan iyaka. Alƙali na farko ya je har gonar, ya ga layin gamba, ya saurari tsofaffi uku. Ya ba mai gonar gabas gaskiya. Mai gonar yamma ya ɗaukaka ƙara. Da aka buɗe dosiye, sai aka tarar babu takardar ziyarar gona, babu kuma bayanin tsofaffin.

To, me zai faru? Alƙali yana iya ɗage zama har a nemo takardun. Yana iya cewa a sake kiran shaidu, ko a sake zuwa gonar. Amma lokaci ba ya jira. Wataƙila ɗaya daga cikin tsofaffin ya rasu, wani ya yi ƙaura. Wataƙila an yanke gambar, an nome gurbinta. Ga kuɗin mota, ga ranakun noma da aka ɓata a hanyar kotu. Mai gaskiya yana iya rasa gonarsa domin ya kasa nuna gaskiyarsa.

Takardun da ya kamata mu riƙe

1. Takardar asalin gona: ta gado, ko saye, ko kyauta, ko aro, ko haya, ko jingina.
2. Takardar sulhu ko ta rashin sulhu daga wurin sarki.
3. Takardun sammaci, kowace da kwanan watanta.
4. Kwafin hukuncin alƙali na farko.
5. Shaidar cewa mun ɗaukaka ƙara, da rasit na duk kuɗin da muka biya.

Ranar da aka yanke hukunci, mu tambayi magatakarda kwana nawa gare mu na ɗaukaka ƙara, mu rubuta ranar ƙarshe. Mu tambaye shi kuma ko bayanin shaidunmu da na ziyarar gona suna cikin dosiye. Kafin mu ba da takarda, mu yi mata hotokopi. Kada mu sa hannu ko mu dangwala yatsa a kan abin da ba mu karanta ba. In da Faransanci aka rubuta, mu nemi amintacce ya fassara mana. Mu duba sunayen maƙwabta na gabas, yamma, kudu da arewa, ko an rubuta su daidai.

A gida, maƙiyan takarda su ne gara, ɓera, ruwa da gobara. Mu sa takardu cikin leda, mu rufe su a akwatin ƙarfe, nesa da ƙasa. Mu ajiye hotokopi a gidan wani ɗan'uwa.

Rigakafi ya fi magani

Dokar 1993 ta tanadi hukumomin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo. An kafa na farko a Mirriya da Maine-Sorowa a 1994. Daga baya aka kai su har ƙauyuka. Idan za mu saya, ko mu ara, ko mu jinginar da gona, mu je Kofo a rubuta, a gaban shaidu da maƙwabta. Mu dasa aguwa ko dashi a kan iyaka tun muna zaman lafiya. Maƙwabcin nan da muke jayayya da shi, shi ne zai fara kawo guga ranar da rumbunmu ya kama wuta. Takarda mai kyau tana tsare gona, tana kuma tsare zumunci.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Ina ake fara kai rigimar gona?
2. Mene ne dosiye?
3. Waɗanne takardu ne na gonarmu muke da su a gida yau?