DARASI NA 14: ZOBEN BAIKO DA ALJIHUN SAURAYI

Jama'a, darasinmu na yau a kan kuɗin neman aure ne. Ku karanta a hankali, kowa ya riƙe fensirinsa, gama akwai lissafi a ciki.

Al'adar Turawa

A Ingila da Amurka, in saurayi ya ga yarinyar da ya ke so ya aura, ya kan sayi zobe ya kai mata. In ta karɓa ta sa a yatsan hannunta na hagu, to, an yi baiko ke nan. Kowa ya ga zoben ya san an yi mata miji. Galibi a kan ɗora wa zoben wani ɗan dutse mai ƙyalli, sunansa daimon. Waɗansu su kan ce masa lu'ulu'u. Dutsen nan yana da tsada ƙwarai. A kan auna shi da wani ma'auni wai shi karat, karat 5 su ne giram 1.

A zamanin da, sarakuna da attajirai kaɗai ke iya sayensa. An rubuta cewa a shekarar 1477 wani ɗan sarkin Ostiriya mai suna Maksimiliyan ya ba yarinyar da zai aura zoben daimon. Talaka kuwa ko a mafarki.

Wa ya yanka farashin?

Yanzu a ƙasashen nan za ka ji ana cewa wai saurayin kirki ya kamata ya sayi zobe na albashinsa na wata 2. Mutane da yawa suna tsammani tsohuwar al'ada ce ta kakanninsu. Ba haka ba ne. Ga yadda abin ya faro.

A 1867 aka tsinci daimon a Afirka ta Kudu, kusa da kogin Orange. A 1871 aka sami mai yawa a wurin da a ke kira Kimberley. Da dutsen ya yawaita, masu haƙa suka ji tsoron kada ya yi araha. Sai a 1888 Cecil Rhodes da abokansa suka kafa kamfanin De Beers. A da, shekaru masu yawa kamfanin nan shi ya riƙe mafi yawan cinikin daimon na duniya.

Bayan 1930 aka yi matsin tattalin arziki a Amurka da Turai, kasuwar daimon ta faɗi. A 1938 De Beers ya ɗauki wani kamfanin talla na Amurka, N. W. Ayer, don ya farfaɗo da ita. Masu tallan suka cika jaridu da hotunan zobe. A 1947 wata ma'aikaciyarsu, Frances Gerety, ta shirya 'yar gajeriyar magana mai nuna wai daimon ba ya ƙarewa, don haka shi ya dace da soyayya. Maganar ta kama bakin mutane.

Da farko masu talla suka ce albashin wata 1 ya isa. Wajen 1980 suka ce a'a, sai na wata 2. A ƙasar Japan kuwa suka ce na wata 3. A 1967, cikin amare 100 na Japan, masu samun zoben daimon ba su kai 5 ba. Kafin 1981 sun kai wajen 60.

Ku lura da kyau. Mai sayarwa shi ya faɗa wa mai saye nawa zai kashe. Kun taɓa ganin mahauci ya ce maka naman da ka saya ya yi yawa, ka rage? Wanda kuma ya mai da zoben kanti don ya sayar, da wuya ya sami kuɗin da ya biya. Yau ma har ana ƙera daimon a masana'anta, ana sayar da shi da araha nesa da na haƙa.

Me ya shafe mu?

Mai karatu zai ce, "Malam, mu ina ruwanmu da zoben Turawa?" Da ruwanmu. A birane waɗansu samarinmu sun fara kwaikwayo, abin da ya shiga birni kuwa ba ya daɗewa sai ya iso ƙauye. Ban da wannan, mu ma muna da namu nauyin. Akwai toshi, da gaisuwar iyaye, da goron sa rana, da lefe, da sadaki, da gyaran ɗaki. Sau da yawa ba iyayen yarinya ke tsananta wa saurayi ba. Shi ne ke duban abin da ɗan wane ya kai, ya ce sai ya fi shi.

Na taɓa zuwa duba aji a wani ƙauye, na tarar ɗalibi guda ya daina zuwa. Da na tambaya aka ce ya jinginar da gonarsa ya yi lefe na akwati 6. Biki ya yi kyau, makaɗa sun yabe shi. Da damina ta sauka ba shi da inda zai shuka, sai ƙwadago a gonar wani. Kafin kaka amarya ta fara sayar da zannuwan don a sayi hatsi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abin da shari'a ta wajabta shi ne sadaki. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne. Kuɗinsa yana hawa yana sauka tare da farashin zinariya, saboda haka ka tambayi limamin garinku. Zobe kuwa kyauta ce kawai. In da hali a yi, in babu aure ya ɗauru ba tare da shi ba.

Mu yi lissafi

A ce ga wani saurayi tela. Yana samun naira 60,000 a wata. Ga yadda ya ke kashe su:

Abinci, naira 28,000.
Taimakon iyaye, naira 8,000.
Sabulu da magani da kuɗin mota da katin waya, naira 9,000.
Zare da allura da gyaran keke, naira 5,000.

In ka tara, naira 50,000 ke nan. Abin da ya rage naira 10,000. Wannan shi a ke kira rara. Rara kaɗai mutum ke iya ajiyewa, gama ciki ba ya jiran biki.

To, in telan nan ya bi maganar masu talla, zai sayi zobe na samun wata 2, watau naira 120,000. Raba 120,000 da 10,000, ka sami 12. Ashe abin da aka ce masa na wata 2 ne, tarin shekara guda cur ne. Bai ba da sadaki ba, bai yaɓe ɗaki ba.

Yadda mai hankali zai yi

Na ɗaya, ya sayi ɗan littafi ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, kullum, har wata 3. Amfanin karatunku ke nan. Wanda bai rubuta ba ya kan ce kuɗinsa sun ɓace, alhali shi ya kashe su.

Na biyu, ya ƙidaya abin da zai iya tarawa kafin ranar da ya ke nufi. A ce telanmu ya ɗiba wa kansa wata 20. Rararsa ta zama naira 200,000. Ya yi kiwon raguna 2, ya ci ribar naira 200,000. Gyaɗar kaka 2 ta kawo masa naira 200,000. Duka naira 600,000.

Na uku, ya kasa kuɗin kashi 10, kowane kashi naira 60,000. Sadaki kashi 4. Gyaran ɗaki kashi 2. Lefe kashi 2. Kashi 1 a ɓoye shi don ciwo ko wata larura. Kashi 1 da ya rage shi ne na baiko, watau goro da alewa, da zobe in yana so. Ko rabinsa ya ba maƙerin fari, zai sami zoben azurfa mai kyau. Wannan misali ne kawai, kowa ya kasa nasa bisa ga al'adar garinsu. Amma wajibi shi ke gaba, ado a baya.

Na huɗu, kada ya tara kuɗin duka a asusu ƙarƙashin gado. Kaya suna tsada, kuɗin da aka binne ƙarfinsu raguwa ya ke yi. Gara ya sa waɗansu a akuya ko hatsi, waɗansu a banki, ko ya shiga adashi da mutanen da ya amince da su.

Na biyar, ya aiki wakilansa su gaya wa iyayen yarinya gaskiyar ƙarfinsa. Dattijon kirki ya fi son surukin da rumbunsa ke cike da wanda akwatunansa ke cike da bashi.

Na shida, in zai sayi zoben zinariya, a auna a gabansa, a rubuta masa rasit. Zinariya tsantsa ita a ke ce wa lamba 24. Mai lamba 18, kashi 3 cikin 4 ne zinariya, sauran gami ne.

Abu 3 kada ka taɓa saboda biki: gona, da irin shuka, da shanun noma. Su za su ci da kai da amaryar. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka kafa kamfanin De Beers?
2. Su wa suka ce a sayi zobe na albashin wata 2? Me ya sa suka faɗi haka?
3. Mene ne rara?
4. In telanmu ya sayi zobe na samun wata 3, wata nawa zai yi yana tari?

Aikin gida

Kowa ya rubuta abin da ya samu da abin da ya kashe cikin mako guda, ya kawo aji ranar karatu mai zuwa. Masu 'ya'ya samari su karanta musu wannan darasi da dare.