Darasinmu: Ƙaura daga Birni zuwa Ƙaramin Gari

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya watsa arzikin bayinsa a cikinta, birni da karkara. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, akwai tambayar da ke yawan zuwa mana bayan karatun Magariba daga magidanta mazauna Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Mutum ya gaji da kuɗin haya, ya gaji da awon gero tiya-tiya, ga yara sun fara yawon da bai san iyakarsa ba, sai ya ce: “Malam, ina so in kwashe iyalina mu koma garinmu, ko wani ƙaramin gari inda rayuwa ta fi sauƙi. Mece ce shawara?” Tambayar ta daɗe. Farin 1973 da na 1984 su suka kwararo da mutanen karkara cikin birane. Da darajar sefa ta faɗi da rabi a watan Janairu na 1994, ma'aikata kuma suka yi ta jiran albashi wata da watanni, da yawa suka fara waiwayen inda suka fito. Har yau ana waiwayen.

Abu na farko da muke gaya wa mai wannan tambaya shi ne ya kira tafiyarsa da sunanta. Waɗansu suna cewa hijira za su yi. Hijira ita ce barin wurin da aka hana mutum tsayar da addininsa, kamar fitar Manzon Allah (SAW) daga Makka zuwa Madina a 622, ko fitar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga Degel zuwa Gudu a 1804. Hadisin niyya, wanda Sayyidina Umar ya ruwaito, ya nuna cewa mai tafiya don neman duniya abin da ya tafi nema shi ne rabonsa. Neman hatsi mai arha da gidan da babu haya halal ne, babu kunya a cikinsa. Abin da muke tsoro shi ne, da zarar maigida ya laƙaba wa ƙaurarsa sunan hijira, sai ya toshe kunnensa, duk wanda ya kawo masa wani uzuri, ko matarsa ce, ya zama mai hana aikin Allah.

Masu yabon kaɗaicewa suna kafa hujja da hadisin Abu Sa'idul Khudri a cikin Buhari, inda aka ambaci zamanin da mafificiyar dukiyar Musulmi za ta zama ƴan tumakin da zai bi da su kan duwatsu don ya tsere wa fitina da addininsa. Masu yabon birni kuma suna kawo hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, mai nuna cewa zaman daji yana busar da halin mutum. Malamai sun haɗa tsakaninsu da ma'auni guda: a ina addininka da na waɗanda ke ƙarƙashinka ya fi samun tsira? Amsar Audu ba lalle ta zama amsar Tanko ba.

Alherin ƙaramin gari a bayyane yake. Idan ba a ga mutum a sahun Asuba kwana biyu ba, za a je a buga masa ƙofa. Gawa ba ta rasa masu sallarta, mai jego ba ta rasa mai kawo mata ruwan zafi, yaro kuma idan ya yi ba daidai ba a bakin kasuwa, labarin yakan riga shi isa gida. Wanda ke da gona yana cin guminsa, ya fitar da zakkarsa daga bakin rumbu, ya kuma san fuskar wanda ya ba. Mun ga dattawan da hawan jini ya ɗaure a birni, suka koma gida suka miƙe.

To, amma a duba ɗaya gefen da idon basira. A mazhabarmu ta Malikiyya, Juma'a tana son gari na mazauna, da masallacin da aka gina, da maza goma sha biyu ban da liman waɗanda za su tsaya har a sallame. Mai Risala, Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, ya bayyana cewa zuwa Juma'a ya wajaba a kan wanda ke cikin gari da wanda ke nesa da shi da mil uku ko ƙasa da haka. Mafi yawan ƙananan garuruwanmu sun cika waɗannan sharuɗɗa, alhamdu lillahi. Inda gizo ke saƙa shi ne ilimi. Za ka iya samun mai biya maka Ahlari da Ishmawi da Iziyya, amma idan ka kai Risala, ko Muhtasar, ko Muwaɗɗa, wa zai ɗora ka? Idan rabon gado ya taso, ko maganar saki mai sarƙaƙiya, wa za a tambaya? Wanda ya saba zaman majalisin malamai a birni, idan bai yi tanadi ba, bayan shekara biyu zai iske karatunsa ya koma hira a gindin dalbejiya.

Sannan akwai abin da magidanta ba su cika son a taɓo ba: mafi yawan nauyin ƙaura a kan mace yake sauka. Maigida ya huta da haya, ita kuwa ta koma jan guga, da neman itace, da daka. Ta bar iyayenta da ƴan'uwanta, ta shiga cikin dangin miji, inda kowa ke ƙirga cokalinta. Idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare, a tsakiyar damina, ƙorama ta cika ta yanke hanya, gidan likita mai aikin tiyata kuma yana can nesa, ba maigida ne zai kwanta a kan amalanke ba. Malaman fiƙihunmu da suka yi magana a kan miji ya tafi da matarsa wani gari sun sharɗanta amincin hanya da amincin wurin, kuma ya kasance shi kansa abin amincewa ne a kanta. Sharaɗin aminci ba maganar littafi kaɗai ba ce. Tun wajajen 2019 garuruwan bakin iyaka na yankin Madarunfa da Gidan Rumji suka ɗanɗani satar shanu da satar mutane, kuma wanda aka san daga birni ya zo, ana ɗauka yana da abin hannu. Haka yara: idan garin ba shi da lakkol mai zurfi, ɗanka zai koma zaman gidan wani a birnin da ka gudo daga cikinsa, ba tare da idonka ba, ɗiyarka kuwa sau da yawa nan karatunta zai tsaya.

Mu faɗi wani abu a gurguje. Gonar gadon da ka bari shekara ashirin tana hannun wani, ya yi mata taki, ya dasa mata iyaka. Zumunci da yawa ya tsinke ranar da ɗan birni ya dawo ya ce a ba shi gonarsa. A warware wannan gaban dattawa tun kafin a ɗaure kaya.

Duk da haka, akwai mutumin da muke ƙarfafa wa gwiwa ya koma, shi ne mai ilimi ko mai sana'ar da garin ya rasa. Banu Salima sun so su bar unguwarsu ta bayan gari su dawo kusa da masallacin Annabi (SAW), sai ya umurce su da su zauna a gidajensu, ya sanar da su cewa ana rubuta musu ladan takunsu. A ruwayar Anas an bayyana cewa bai so a bar gefen Madina fayau ba kowa. To, mu fa? Cin rani ya kwashe matasa, birni ya kwashe malamai, har akwai garin da liman guda ne ke limanci, da wankan gawa, da ɗaurin aure, da raɗin suna, idan ya kwanta ciwo komai ya tsaya. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu a 1754, ba a birnin Alkalawa ya zauna ba. A Degel ya shimfiɗa buzunsa, ɗalibai suka neme shi daga ko'ina. Malamin da yake na hamsin a unguwarsa ta Maraɗi, idan ya koma inda babu ko ɗaya, ya buɗe makarantar dare ga manya da ajin mata da hantsi, amfaninsa ya ninka. Haka ungozoma mai horo, da makanike, da mai gyaran famfo.

Wanda ya ƙudura tafiya, shawararmu ita ce kada ya sayar da komai tukuna. Ya je shi kaɗai ya yi damina guda a can, ya ga hanya lokacin da ta fi muni, ya sha ruwan garin, ya zauna a majalisin malaminsa, ya tambayi matan gidan da ya sauka inda suke haihuwa. Idan ya dawo, ya zaunar da matarsa ya gaya mata abin da ya gani ba ragi, ya saurari bakinta. Ya nemi yardar iyayensa idan a birni zai bar su, don hidimarsu tana gaba da sauƙin aljihunsa. Sannan ya yi raka'a biyu na istihara, ya biya mai kanti da mai gidan haya, ya bi maƙwabta gida-gida ya nemi gafararsu.

A fitowa mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu ɗauko hukuncin sallar ƙasaru ga wanda ya bar iyali a wani gari yana aiki a wani, don tambayoyi a kanta sun taru.