Yadda ake haɗa teburin saida kafe a gida

Bayan kaka, in an gama aikin gona, mutane da yawa suna neman sana'ar rani. Saida kafe da shayi da burodi a bakin kasuwa ko a tashar mota sana'a ce mai kawo kuɗi kullum. Amma mai wannan sana'a yana bukatar tebur mai ƙarfi. Tebur mai rawa yana kifar da ruwan zafi. Madara ta zube, kofuna su fashe, wani lokaci yaro ya ƙone. Wanda ya iya karatu da lissafi yana iya haɗa teburinsa da kansa, kuɗin aiki su tsaya a aljihunsa.

Girman tebur

Tsawo: santimetir 150.
Faɗi: santimetir 60.
Tsayi daga ƙasa: santimetir 80.

Wannan girma ya isa mutum uku su zauna kan benci a gefe guda, mai kafe yana tsaye a ɗaya gefen.

Zaɓen katako

A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa ana samun katako iri biyu: fari da ja. Farin katako ya fi araha, ba shi da nauyi, ƙusa tana shigarsa da sauƙi, amma gara tana sonsa. Jan katako ya fi tsada, ya kuma fi daɗewa. Wanda kuɗinsa ba su da yawa sai ya yi ƙafafu da ja, sauran da fari.

Ko wane iri ne, ya zama busasshe. Ɗanyen katako yana lanƙwashewa in ya bushe, ya bar ɓaraka a saman tebur. Kafin a biya, a ɗaga katakon, a sa ido a bakinsa guda, a duba ko ya miƙe. A bar mai tsaga da mai ramukan ƙwari.

Guntayen da za a yanka

1. Saman tebur: guda 3. Tsawo 150, faɗi 20, kauri 3.
2. Ƙafafu: guda 4. Tsawo 77, kauri 6 ta kowane gefe.
3. Dogayen madogara: guda 4. Tsawo 130, faɗi 8, kauri 2.
4. Gajerun madogara: guda 5. Tsawo 46, faɗi 8, kauri 2.

Duk awon nan da santimetir ne. Madogara su ne sirarun katakan da ke riƙe ƙafafu kada su buɗe. Ƙafa 77 da kaurin sama 3, an sami tsayi 80.

Kayan aiki su ne zarto, guduma, metir, fensir, igiya, da ƙusoshi masu tsawon santimetir 6 da masu 8.

Awo da yanka

Nan ne wurin hankali. A auna sau biyu kafin a sa zarto. Katakon da aka yanke ba ya komawa, kuɗinsa sun tafi. In za a ja layin yanka, a dafa littafi mai kauri a gefen katako, a bi bakinsa da fensir. Layin zai miƙe. In an yanka ƙafafu huɗu, a jera su wuri guda a ƙasa. Wadda ta fi sauran tsawo a rage ta tun yanzu.

Haɗawa

Na farko: a kwantar da ƙafafu biyu. A buga gajeren madogari guda a kansu, daidai da bakin sama. A buga na biyu a santimetir 20 daga ƙasa. A yi haka ga sauran ƙafafu biyu. An sami gefe biyu ke nan.

Na biyu: a tsai da gefen biyu, wani ya riƙe. A haɗa su da dogayen madogara, biyu a sama, biyu a ƙasa. Tun farko a sa ƙusa ɗaya ɗaya kawai.

Na uku: a ɗauki igiya, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke can ƙetarenta. A auna sauran biyun. In awon biyu ya zo daidai, tebur ya miƙe. In bai zo ba, a tura kusurwar da ta fi nisa har ya daidaita. Sa'an nan a ƙara ƙusa ta biyu a kowace mahaɗa. Mahaɗa mai ƙusa ɗaya tana juyawa, ita ce ke sa tebur rawa.

Na huɗu: a buga gajeren madogari na biyar a tsakiya, tsakanin dogayen na sama. Shi ne zai hana saman tebur lotsawa.

Na biyar: a jera katakai uku na sama, a matse su da kyau. Su wuce da santimetir 10 ta kowane ƙarshe, da 5 ta kowane gefe. A buga su da ƙusoshi masu 8.

Ƙusa kusa da bakin katako tana tsaga shi. Maganin haka, a ɗan daki tsininta da guduma ya dakushe kafin a buga. In ƙusa ta ɓullo ta baya, a lanƙwashe ta, kada ta yagi hannu ko riga.

Kiyaye tebur

Rigakafi ya fi magani. A shafa baƙin man mota a gindin ƙafafu don gara. Kada a shafa shi a sama, wurin abinci ne. A ɗora ƙafafu kan duwatsu masu faɗi, kada su sha laima. A goge bakunan katako su yi sumul, a rufe saman da leda mai kauri, a riƙa wanke ta da sabulu safe da yamma. Murhun gawayi da butar ruwan zafi su zauna a ƙasa, gefen mai kafe, nesa da yara. A kan madogaran ƙasa ana iya shimfiɗa ragowar katako don ajiye kofuna da sukari.

Tambayoyi

1. Santimetir nawa na katako ƙafafu huɗu za su ci?
2. Gajerun madogara 5, kowane 46. Nawa ke nan duka?
3. Don me ake auna kusurwa da igiya?
4. Ina ake shafa baƙin mai, ina ne ba a shafawa?